Rawar da ba ta zuwa sai an taka totur: yadda muka bi wata Corolla har ƙarshe

Corolla ce ƙirar 2006, mai injin 1ZZ-FE, lita 1.8, silinda huɗu, giya otomatik. Malejinta ya haura kilomita 240,000, kuma yawan zirga-zirgarta tsakanin Sakkwato da Birnin Kebbi ne. Cikin watan Afrilu aka kawo ta garejinmu, lokacin da zafin garin nan na Sakkwato ke wuce digiri 40, ƙarfen bonet ba ya taɓuwa bayan azahar. Mai motar bai ko gama gaisawa ba ya ce:

"Oga, wagga mota ta ishe ni. In tana silo lahiya lau take. Da na taka totur sai ta kama rawa kamar mai jin ɗari, in na ɗaga ƙahwa ta yi tsit. Sau biyu anka canza hulogi, anka yi balansin taya, ba abin da ya sake."

Na ce, "Alhaji, a wane gudu take farawa? Kuma a ina kake jin ta, a sitiyari, a kujera, ko ƙarƙashin ƙafa?"

"Daga hamsin zuwa saba'in ta hi yi. Ga kujera nika jin ta, da ƙasan mota."

Wannan amsa ta rage mana aiki da yawa. Taya ba ta san an taka totur ko ba a taka ba. In rashin balansi ne, rawar takan fito wajen kilomita 90 zuwa 110 a awa, a sitiyari aka fi jin ta, kuma tana nan ko ka ɗaga ƙafa muddin gudun bai sauka ba. In faifan burki ne ya lanƙwashe, sai ka taka burki za ka ji. Rawar da ke shigowa da totur ta fita da shi, rawar ɗaukar nauyi ce, kuma a mota mai ja da gaba wuri uku take ɓuya: cikin injin idan wata silinda tana misin, wato ba ta ƙone fetur ɗinta, a robobin da injin ke zaune a kai waɗanda muke kira injin sit, ko a shaf ɗin da ke kai ƙarfi daga giyabos zuwa taya. Kuɗin balansin da Alhaji ya biya ba su da alaƙa da ko ɗaya.

Kafin mu tayar da ita na murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa gaba ɗaya. Ta batir ta kama, ta baƙin mai ta kama, ta cek injin ba ta kama ba. Fitilar nan dole ta haska in an buɗe makulli, ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta haska ba sam, to ko dai ta lalace ko wani ya kashe ta don kada mai saye ya gani, kuma wannan ba sabon abu ba ne a motocin da suka bi ta hannu da yawa. Daga baya da muka buɗe mita, baƙin salatif muka tarar an manna mata. Ke nan birenbos, wato kwamfutar motar, ya daɗe yana kuka, ba mai ji.

Muka ɗauki hanyar Bodinga, bayan kwanar filin jirgi inda titi ya miƙe. Gwajin hanya ba yawo ba ne, tambaya ce ake yi wa mota ɗaya bayan ɗaya. Na fara da barin ta a D tana tafiya a 40, na kunna AC, na taka totur rabi ba tare da na bari ta sauya giya ba. Ta yi wata fizga gaba da baya, tif-tif-tif, kamar ana riƙe ta ana saki. Wannan misin ne, ba ya ɓoyuwa. Na ci gaba da takawa, tana kaiwa 55 sai wata rawar ta daban ta shigo, ita kuma gefe da gefe take kaɗa gaban mota, har ruwan gorar da ke tsakanin kujeru yana karkarwa. Na ɗaga ƙafa, ta ɗauke nan take. Na sake kai ta 60, na jefa giya N na 'yan daƙiƙu ba kowa a gaba: lafiya lau, santsi. Taya da rim da boris sun fita daga zargi.

Sai gwajin da ya fi kowanne amfani. A gudun 60, in tana babbar giya injin bai kai zagaye 1,500 a minti ba. Na mayar da ita giya 2, injin ya hau kusan 3,000, gudun mota bai canza ba. Na taka. Fizgar gaba da baya ta ɓace, amma kaɗawar gefe da gefe tana nan yadda take. Abin da ke canzawa in zagayen inji ya canza, na inji ne. Abin da ke bin gudun mota ko a wace giya, yana bayan giyabos ne, wajen shaf. Tun a kan hanya muka san ciwo biyu ne aƙalla, kuma shi ya sa duk wanda ya taɓa motar ya gyara abu guda sai mai ita ya ce ba a yi kome ba.

Da inji muka fara, don shi ne ke ɓata wani abu in an bar shi. Fetur ɗin da bai ƙone a silinda ba yana gangarawa salansa ya ƙone cikin katalis, abin da muke kira indomi, ya narkar da shi. Da fitilar cek injin na aiki, ƙyaftawa za ta riƙa yi a irin wannan hali, ma'anarta a sassauta ƙafa.

Muka jona sikana, na'urar da ke karanto lambobin matsala daga birenbos, a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari. Lamba ɗaya ta fito, P0303, wato misin a silinda ta uku. P0301 zuwa P0304 kowace tana nuna silindarta, P0300 kuwa misin ne da ke yawo bai tsaya wuri guda ba. Ban tsaya ga lambar kaɗai ba, na duba yawan fetur ɗin da birenbos ke ƙarawa ko ragewa don daidaita ƙonewa. Ƙarin kashi 4 cikin ɗari ne a silo, bai wuce 5 ba a zagaye 2,500. Wannan daidai ne. Da ya haura 10 zuwa 15, ko a ga P0171, da sai mu ce iska ta fi mai yawa. A nan akwai dabarar da ke raba gardama: in ƙarin ya yi yawa a silo amma ya sauka da ka ɗaga inji, iska ce ke satar hanya, kuma a injin 1ZZ gasket ɗin manifol na shan iska ya saba yin haka in ya tsufa. In kuwa a silo lafiya, sai an taka ƙarin ke hawa, to famfon mai ne ya gaza, ko filta ta toshe, ko na'urar awon iska ta sha ƙura.

Yaron gareji ya ce, "Oga, in zare wayar kwayil ɗaya-ɗaya mu ji wadda ta mutu?" Na hana shi. Wannan gwaji yana aiki ne in silinda ta mutu har a silo. Tamu a silo duka huɗun suna ci, ko wacce ka zare injin zai girgiza iri ɗaya, ka tashi a tutar babu. Dalilin da misin ke jiran totur shi ne matsi. In maƙogwaron inji ya buɗe, iska mai yawa ke shiga silinda, matsin ya ƙaru, wuta kuma tana buƙatar ƙarfi fiye da na silo kafin ta tsallaka bakin fulogi. In akwai wata hanya mafi sauƙi, tsagewa a robar kwayil ko danshin mai, can za ta bi ta sauka jikin inji.

Muka cire murfin roba na saman inji. Kowace silinda da kwayil ɗinta a kan fulogi, shi ke ba shi wuta, noti mai lamba 10 ke riƙe da shi. Na ɗaya da na biyu suka fito a bushe. Na uku ya fito yana ɗigar baƙin mai, robarsa ta kumbura ta yi laushi kamar danƙo, ga wani siririn layi baƙi kamar an ja da fensir daga bakin robar zuwa sama. Hanyar da wuta ta ƙona wa kanta ke nan. Na haska tocila cikin ramin, man ya rufe kan fulogin har ba a ganin inda soket zai kama. Na huɗu ma ya fara jiƙewa. Gasket ɗin murfin bawul ne ya bushe, kuma shi ne ke zagaye ramukan fulogi. Wanda ya canza fulogi sau biyu ya ga wannan mai, ya share ya mayar.

Kada a kwance fulogi rami na cike da mai, duk zai zube cikin silinda tare da yashin da ya taru. Muka zuƙe shi da sirinji da ƙaramin tiyo, muka bi da tsumma a kan sukudireba, sannan soket mai lamba 16. Fulogin da suka fito an rubuta masu sunan iridiyom, amma sati shida kacal bakinsu ya cinye ya yi mulmul, gibinsu ya kai milimita 1.4. Na wannan inji Denso SK16R11 ne ko NGK IFR5A11, gibi milimita 1.1, kuma na gaske bakinsa siriri ne kamar allura, yana shekaru bai ci ba. Jabu ne aka sayar masa. Gibi mai faɗi yana tilasta wa kwayil aikin da ya fi ƙarfinsa, a zafin Afrilu kuwa ba ya jimawa.

Duk da abin da ido ya gani, ban yarda a sayi kwayil ba sai an tabbatar. Muka goge na uku muka kai shi silinda ta ɗaya, na ɗaya ya koma ta uku, muka share lamba, muka zaga ta Western Bypass muna takawa da AC a kunne. Sikana ta kawo P0301. Misin ya bi kwayil. Da ya tsaya a ta uku, da sai mu musanya fulogi, in bai motsa ba mu koma nozul mai fesa fetur, wadda a wannan inji awonta a mita om 13.4 zuwa 14.2 ne in tana da sanyi.

Tunda fulogi na waje, muka auna matsin silinda, don injin da ya yi wannan tafiya ba a yi masa shaida da baki. Inji da ɗumi, an zare wayoyin nozul, totur a buɗe har ƙasa, batir cike. Muka samu psi 180, 178, 175 da 182. Ƙa'idar injin 189 ce, kada ya gaza 145, kada kuma tazarar silinda da silinda ta wuce 15. Ring da bawul lafiya. Matsin fetur ma muka auna, ya tsaya 47, cikin 44 zuwa 50 da ake so, bai faɗi ba da aka taka, kuma minti biyar bayan kashe inji yana sama da 21. Famfon motar nan da filtarsa cikin tanki suke, ƙarƙashin kujerar baya ake isa gare su, ba mu da dalilin buɗewa. Alhaji ya ce wani lokaci yakan sha mai wajen 'yan bumburutu in dare ya yi masa a hanya. Na tsiyayi kaɗan a kwalba na bar shi ya kwanta, ba ruwa a ƙasa.

Gyaran wannan ɓangare ba wuya. Sabon gasket na murfin bawul, a kankare tsohon gam tas, a ɗiga sabo wuri biyu kawai, inda murfin sarƙar taimin ya haɗu da kan inji. Masu shafe gasket gaba ɗaya da gam su ne ke sa ya zame, ragowar gam ɗin kuma ya faɗa cikin inji ya toshe rariyar famfon baƙin mai. Ƙarfin ɗaurin notocin murfin Nm 9 zuwa 11 ne, daga tsakiya ake ɗaurewa a fita waje. Fulogi huɗu na asali, a fara murɗa su da hannu har su zauna, sannan sifana mai awo a Nm 25, inji a sanyaye domin kan injin alminiyom ne, zarensa ba ya yafiya. Kwayil ɗaya muka canza, muka sa Denso, na huɗu kuma aka wanke shi aka duba ba tsaga. Filtar iska ta cika da jar ƙasa tun ta hunturu, muka sauya, muka fesa wa na'urar awon iska maganinta ba tare da an taɓa siririyar wayar ciki ba. Na kuma roƙi Alhaji ya daina bari masu wankin mota suna harba ruwan inji kan murfin nan.

Fizga ta tafi. Tsugune dai ba ta ƙare ba, kaɗawar 50 zuwa 70 tana nan, har ta fi fitowa fili yanzu da injin ke ba da cikakken ƙarfinsa.

Injin sit huɗu ne a motar: na dama kusa da bel, wanda ke da ruwa a ciki, na hagu a kan giyabos, sai na gaba da na baya. Na dama da na hagu su ke ɗauke da nauyi. Na gaba da na baya su ke hana inji wuntsilawa in ya murɗa. Gwajinsu a tsaye ake yi: bonet a buɗe, an ja burkin hannu, an sa duwatsu gaba da bayan taya, direba ya danne burki da ƙafar hagu, ya sa D, ya taka totur zuwa wajen 1,500, kada ya wuce daƙiƙa biyar don man giya na saurin zafi. Mai kallo a gefe yake tsayawa, ba a gaban mota ba. Sannan a maimaita a ribas. Lafiyayyen inji zai ɗan jingina ya dawo. Namu ya yi tsalle har tiyon iska ya miƙe, ya dawo da ƙara, ƙwas. Da muka ɗaga ta muka sa ƙarfe muka ɗan bankara na baya, robar ta rabu biyu, ƙarfen tsakiya yana lilo. Na dama bai zubar da ruwansa ba, bai kuma zauna ba.

Akwai masu cusa guntun taya cikin injin sit, ko su narka roba su cike shi. Yana hana tsallen, gaskiya ne, amma ya zama dutse, duk motsin inji sai ya shigo cikin mota, a silo sitiyari ya riƙa kaɗa hannu. Mun sa na Beljiyam mai kyau bayan mun matsa shi da ƙarfe mun ga ba tsaga. Jak a ƙarƙashin giyabos da katako a tsakani, a ɗaga kaɗan don nauyi ya sauka daga kan dogon bol ɗin tsakiya. Abin da ake yawan mantawa: kada a ɗaure bol ɗin nan inji na rataye a jak. A sa shi sako-sako, a sauke jak, a tayar da inji a shiga D da R sau biyu ya nemi mazauninsa, sannan a ɗaure. In an ɗaure shi a murɗe, sabuwar roba ma wata biyu za ta yage.

Ƙarar da ake ji in an sa giya ta ɓace. Kaɗawar ta ragu kaɗan, ba ta tafi ba. Na san haka za a yi, shi ya sa tun kafin a sayo na faɗa wa Alhaji wannan ba shi ne ƙarshe ba. Injin sit da ya mutu yana ƙara wa rawa murya, ba kasafai shi ke haifar da ita a kan gudu ba. Mutane da yawa sun canza huɗun duka a banza saboda an ce masu "injin sit ne" daga jin bayani.

Kowane shaf gaɓa biyu gare shi. Ta waje, wajen taya, in ta ci ƙas-ƙas-ƙas take yi a kwana, kowa ya san ta. Ta ciki, wajen giyabos, ba ta ƙara, shi ya sa ake wuce ta. Kofi ne na ƙarfe mai kwari uku a ciki, kan shaf kuma yana da yatsu uku, kowane da rolarsa, suna zamewa ciki da waje yayin da taya ke hawa da sauka. A ƙarƙashin motar muka ga robar gaɓar ciki ta dama ta tsage a lanƙwasarta ta biyu, giris ya fantsama a bayan inji ya haɗu da ƙura ya zama kamar kwaɓaɓɓen laka, ya bushe. Ba jiya ta tsage ba. Na kama shaf kusa da kofin na girgiza sama da ƙasa, yana motsi da ɗan ƙara. Na riƙe kofin na murɗa shaf, akwai lago kafin ya kama. Na hagu da na yi masa haka, gam yake.

Cire shi yana da tsari. Babban notin tsakiyar taya lamba 30 ne mai kusurwa 12, an dake bakinsa cikin tsagar shaf, sai an buɗe dakan da siririn kurfi kafin a kwance, in ba haka ba ya ci zare. Ana sassauta shi ne wani na danne da burki. A zare na'urar ABS a rataye ta gefe, a saki tayarod, a kwance bol ɗaya da noti biyu da ke haɗa boljoin da hannun ƙasa, a janyo hob waje, a tura kan shaf ciki da guduma ta roba ko a sa katako. A ajiye roba a ƙasa don man giya zai zubo. Gaɓar ciki kuwa zobe ne ke riƙe da ita cikin giyabos, ƙarfe ake sawa a bayan kofin a ba shi bugu ɗaya mai kyau. Kada a ja sandar shaf da hannu, rola za su fito daga kofi su watse.

Da muka yanke robar muka wanke kofin da fetur, ciwon ya bayyana. Maimakon giris, wani jan gari ne a ciki mai ƙyalli. A kowane kwari, gefen da rola ke dannawa in mota na ja gaba, an ci wani gurbi mai faɗin ɗan yatsa, farce na maƙalewa a bakinsa. Ɗaya gefen kuwa sumul. Bayanin rawar Alhaji ke nan gaba ɗaya. In an taka totur, rola na dannuwa cikin gurbin, ba ta iya zamewa, sai ta riƙa tura giyabos da inji gefe, tana saki, tana turawa. A gudun 60 taya na juyawa kusan sau 8 a daƙiƙa, ga rola uku. In an ɗaga ƙafa, nauyi ya koma gefen da bai ci ba, sai tsit. Yashin garin nan in ya samu ƙofa cikin giris, aikin dutsen wasa wuƙa yake yi, zafi kuma shi ke busar da robar tun farko.

Na kira mai motar na sa masa yatsa cikin gurbin. Ya ce, "To Oga, ba a cika shi da giris a maida?" Na ce, "Alhaji, giris ba ya mayar da ƙarfen da ya tafi. Kwana uku zai yi shiru ya dawo." Wasu kan juya kofin hagu zuwa dama don rola ta hau sabon gefe, wasu su yi walda su goge. Ba na yin ko ɗaya, ƙarfen wurin an gasa shi ne ya yi tauri, walda na kashe taurin.

Zaɓi uku ne: gaɓar ciki kaɗai, sabon shaf mai araha, ko cikakken na Beljiyam na asali. Sababbin masu arahar nan sau da yawa da su da rawa ake sayowa, a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Na Beljiyam muka ɗauka, da sharaɗin mayarwa in bai yi ba, kuma tsohon muka aika da shi kasuwa don a gwada. Aka daidaita tsawo, aka ƙirga haƙoran kai biyun, aka duba zoben ABS, aka tabbatar robar nan mai nauyi da ke tsakiyar shaf na dama tana nan, don ita ma rawa take sha. Kafin a ɗaura mun buɗe gaɓar cikinsa mun gani da ido, muka wanke, muka sa sabuwar roba da giris ɗin da ke zuwa cikin kwalinta, duka ledar. Giris ɗin boris na gwangwani ba ya wannan aiki. Maɗaurin ƙarfe muka sa, ba waya ko tsinken robar taya ba.

Sil ɗin giyabos mun canza shi tunda hanya a buɗe take. Wajen mayarwa, buɗaɗɗen bakin zoben ya kalli ƙasa, a shafa man giya a haƙora, a tura har a ji ya faɗa, a ja kofin a tabbatar ba ya fitowa. Sabon noti a Nm 216, a dake bakinsa. Wannan awo ba ado ba ne, shi ke matse boris ɗin taya, in ya yi sako ko aka hau bututu aka yi tsalle a kai, boris ne zai biya. Notocin taya Nm 103. Man giya T-IV ne, an rubuta a jikin sandar awonsa, muka cika abin da ya zube, muka auna da zafi, inji na aiki, giya a P.

Ba kowace mota ce za ta bi wannan layi ba. A Hilux ko Hiace masu ja da baya, irin wannan rawa a farfela ake nemanta, kuros ɗinta ko boris na tsakiya. Mai giyar hannu in tana karkarwa wajen tashi kawai, kuloci ne. Otomatik kuma in tana wata gurnani kamar an hau tsakuwa wajen 60 zuwa 80 da totur kaɗan, ta ɗauke da ka ɗan taɓa burki, a duba man giya da kwanbata.

Muka koma hanyar Bodinga, wuri ɗaya, gwaji ɗaya: 40 da AC, 55 zuwa 70 da totur rabi, sannan har ƙasa, sannan giya 2 a 60. Ruwan gora bai motsa ba. Sikana ba ta ƙirga misin ko ɗaya ba a silinda huɗun, fitilar cek injin ta kama da makulli ta mutu da tashin inji. Da muka dawo aka sake ɗaga ta, sil bai jiƙe ba, murfin bawul a bushe. Robar gaɓar ciki ta hagu ba ta tsage ba, amma da na matsa ta da yatsa ƙananan tsagu sun fito a lanƙwasa. Na nuna wa Alhaji, muka yi da shi zai kawo ta ranar da zai juye baƙin mai a canza robar tun kofin yana da lafiya, a kuma leƙa ramukan fulogi a ga ko sun tsaya a bushe.